Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsuntsayen Kan Tudu Suka Yi Shiru?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru a wannan karon da yawansu a kan tsuntsaye suke, musamman daga mutanenmu na Filato da Mambila, sai na ga gara in haɗa su wuri guda tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani. Bari mu fara da babba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne, a Bukuru aka haife ni kuma a nan na tsufa, mahaifina leburan kuza ne. Da muna yara in ka fito sallar asuba da damina kukan tsuntsaye ta bayan duwatsu har cika kunne yake, kowanne da irin muryarsa. Yanzu in na fito sai kurciya da hankaka da ƙarar janareta. Jikokina sun ce wai kunnena ne ya tsufa. Kunnen ne ko da gaske sun tafi? In kuma sun tafi me hakan yake nufi?
Daga wani dattijo, Bukuru

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikokin naka suna da ɗan abin kamawa, domin kunne in ya manyanta siririyar murya yake fara rasawa, kuma ƙananan tsuntsaye da siririyar murya suke kuka. Toh ga gwaji mai sauƙi, ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ku fita tare bayan asuba a watan Yuni ko Yuli, ka ce ya ƙirga maka murya nawa daban-daban yake ji. Amma ni dai na fi zaton kunnenka gaskiya ya faɗa maka, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Kaga Baba, ɗan tsuntsun nan mai waƙa abu huɗu ne rayuwarsa, ƙwarin da zai ciyar da 'ya'yansa, ƙwayar ciyawa, duhuwar da zai ɓoye sheƙa, da ruwan sha da rani. Ko waɗanda muka sani da cin hatsi irin su gwara da marai, in sun ƙyanƙyashe tsutsa da fara da gara suke ɗura wa 'ya'yan, kuma sheƙa ɗaya kafin 'ya'yan su tashi dubban ƙwari take cinyewa. Jikinsa ƙarami ne ba ya ajiye abinci na kwanaki, shekarunsa kaɗan ne, duk shekara sai ya hayayyafa kafin adadinsa ya tsaya yadda yake, saboda haka da zarar ɗaya daga cikin huɗun nan ya yanke, damina biyu ko uku sun isa ka ji bambanci. Bishiya tana iya shekara goma tana mutuwa a tsaye ba wanda ya lura, rijiya ma a hankali take ja da baya, amma tsuntsu shi kullum da asuba yana shelanta cewa ga ni nan. Ranar da ya daina, ai ya ba ka labari. Shi ya sa masana muhalli suke auna lafiyar wuri da shi, ba sai an kai ƙasa ko ruwa ɗakin gwaji ba, kunne da haƙuri kawai.

Yanzu kai da kanka ka duba abin da ya canja a gefenku. Duwatsun da kake magana nawa ne masu fasa dutse suka farfasa aka loda a tifa? Shingen ƙyarana da mutanen ƙauyukan Filato suke kewaye gida da gona da shi, wanda tsuntsaye ke sheƙa a ciki ba mai iya sa hannu, yau bulo ya maye gurbinsa. Itatuwan bakin rafi sun tafi murhu da buhun gawayi. Sannan ga feshin kashe ciyawa da ya zama ruwan dare, a da ana nome gona a bar ciyawar gefe ta yi 'ya'ya, yanzu a fesa har bakin hanya komai ya ƙone ƙurmus. Dama kuma ƙasar ta sha wahala tun farkon shekarun 1900 da Turawa suka fara haƙar kuza, ga kududdufan nan birjik kai ka fi ni sanin su. Kurciya da hankaka da ka ce su kaɗai suka rage, su dama masu iya zama da mutum ne, bola ma ta ishi hankaka. Masu zaɓen wuri su ne suka tafi.

Akwai wani labari na Filato da nake so ka sani domin abin alfahari ne. A duwatsun nan akwai wani ɗan jan tsuntsu mai jan baya, dangin ƙananan jajayen nan da ke tsince-tsince a tsakar gida, wanda masana ba su san da shi ba sai a 1998. Kuma ta hanyar waƙa aka gano shi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya daɗe yana bibiyar wasu baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi, dangin zalaidu, waɗanda ba sa yin sheƙa, sai uwar ta je ta saka ƙwanta a sheƙar wani a rena mata. Ɗan in ya girma waƙar gidan da aka rene shi yake yi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, toh wannan kukan gidan riƙo yake yi. Sai aka ji na Filato yana wata waƙa da ba ta dace da ta kowane tsuntsu da aka sani ba, aka ce lallai akwai mai wannan waƙar a wani wuri, aka bi sawu har aka same shi cikin duwatsu. Ban da tuddan arewacin Najeriya da gefen duwatsun Mandara ta wajen Kamaru ba a san shi a ko'ina ba a duniya. Kaga in aka fasa dutsen aka ƙone ciyawar gindinsa, ba tsuntsu ɗaya aka kora ba, biyu ne, mai gida da ɗan riƙo.

In kana da ƙarfin tafiya ka sa a kai ka dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga Jos. Bai fi hekta 300 ba, amma da yake an hana sara da ƙuna an ga nau'in tsuntsaye wajen 300 a ciki, kuma nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki da Jami'ar Jos. In ka ji asubar yarintarka a can, ka san ba kunne ba ne.

TAMBAYA: Malam don Allah kar ka ji haushi, amma mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro kai kana maganar tsuntsu? Ni ina Kaduna, ina ruwana da tsuntsun dutsen Jos?
Daga wani matashi, Kaduna

AMSA: Ƙanena ban ji haushi ba ko kaɗan, tambaya ce mai kyau. Ruwanka kuwa a zahiri, domin kogin Kaduna da ya ratsa garinku daga tudun Jos ya taso, shi ne kuma yake juya injinan Shiroro. Gongola da ke cika madatsar Dadin Kowa can ta samo asali, haka kogin Jama'are da ke gangarawa fadamun Hadeja da Nguru inda ake noman shinkafa da kamun kifi. Tudu shi ne randar ƙasa. Ciyawa da kurmin da ke riƙe ruwan sama ya tsuma a hankali ya riƙa fitowa har cikin rani, su ne dai gidan tsuntsayen nan. In sun tafi, ruwa zai zo muku a guje da laka a watan Agusta, a watan Maris kuma ku ga yashi.

Ka san iskar nan mai guba mara wari da janareta ke fitarwa, wadda ke kashe iyali guda cikin barci? Irinta tana taruwa a ramin haƙar kwal. A Birtaniya masu haƙa sun daɗe suna shiga rami da kanari a keji, shawarar wani masani ce mai suna John Haldane, saboda numfashin tsuntsu ya fi namu sauri, guba ta fi saurin kama shi. In kanari ya yi shiru ko ya faɗo daga kan sandarsa kowa sai ya yi waje. Ba su daina ba sai a 1986 da na'ura ta karɓi aikin. Ba wai kanarin suka fi so a kan ransu ba, ransu suke tsaro da shi.

Ga wanda ya fi kusa da mu. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke zuwa musu duk bazara daga Afirka, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya tak. Da aka bincika sai aka gane a yankinmu na Sahel yake cin rani, kuma ruwan 1968 ya gaza. Farin da ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 da 1974, wadda ta kashe dabbobi ba adadi a Nijar da arewacin Najeriya, ka tambayi kakanninka za su ba ka labari. Tsuntsu ya kai saƙon har Turai shekaru kafin duniya ta farga da mutanen.

TAMBAYA: Ni dai Malam a gonata tsuntsaye ba su ragu ba ƙaruwa ma suka yi, bara sun kusa cinye min acca. Kenan gonata tana da lafiya? Wani ya ce in zuba magani a ruwan da suke sha.
Daga wani manomi, Bokkos

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya mayar da alheri, asarar acca ba wasa ba ce, wanda ya san wahalar yankanta da sussukarta ya sani. Amma yawan kai daban, yawan iri daban. Tsuntsu dubu iri ɗaya da suka sauka kan hatsi abin da suke faɗa maka kawai shi ne akwai abinci a nan yau. Jan baki da ke addabar manoman shinkafa a Kebbi da Jigawa da Yobe shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, kuma ba wanda zai ce yawansa alamar lafiyar ƙasa ce. Abin da ake dubawa shi ne iri nawa ne, akwai masu cin ƙwari irin su suda da tsattsewa, akwai masu shan furanni, akwai na bakin rafi? Sau da yawa ma in ciyawar daji ta ƙare, gonarka ce kaɗai ta rage musu, shi ya sa suke taruwa a kanta.

Maganar zuba magani a ruwa kuwa, don girman Allah kar ka yi. Garken da ya ci maka acca gobe ya yi gaba, waɗanda za su mutu su ne 'yan gida masu cinye maka tsutsa a gonar dankali da kabeji, ga kaji da awaki, ga yaran da za su tsinci mataccen tsuntsu su gasa. Ƙasar Sin ta gwada wannan a babban mataki, a 1958 gwamnatin Mao ta sa a kashe gwara saboda tana cin hatsi, aka kashe miliyoyi, sai fara da sauran ƙwari suka samu sake, a 1960 aka janye umarnin. Yunwar da ta biyo baya tana da dalilai da yawa amma wannan yana ciki. Ka tsaya kan tsaron gona na sati biyu ko ukun ƙarshe, gwangwani da igiya da leda mai ƙyalli, ka riƙa canja musu wuri don suna sabawa, ku daidaita lokacin shuka da maƙwabta yadda ba gonarka kaɗai za ta nuna ba, in ta nuna kuma kar a bar ta ta kwana biyu a tsaye.

TAMBAYA: Yarona ya harbo wani ɗan tsuntsu da danƙo sai muka ga zobe a ƙafarsa da lambobi. Mutane suna ta cewa na asiri ne wasu sun ce leƙen asiri. Mene ne gaskiya?
Daga wata uwa, Toro

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba asiri ba leƙen asiri. Masu bincike ne suke kama tsuntsu da raga mai laushi, su auna shi su sa masa zobe mai lamba su sake shi, in an sake ganinsa a san inda ya je da shekarunsa. Ki rubuta lambar da ranar da wurin, a kai wa mutanen cibiyar Amurum, ba ku da nisa. Ta irin wannan aikin ne aka san labarin wani ɗan tsuntsu mai farar gira da Turawa ke kira wincat, nauyinsa bai kai giram 20 ba, yana hayayyafa a tuddai da makiyayun Turai, ya ƙetare teku da Sahara ya iso gonakin Jos wajen Satumba da Oktoba, ya koma a Afrilu. Binciken da aka yi a nan Jos ya nuna da yawansu ainihin gonar da suka zauna bara suke dawowa. Adadinsa yana raguwa sosai a Turai, amma an ga a wurinmu yana cin raninsa lafiya, matsalar ta fi yawa can inda ake yanke ciyawar dabbobi da inji tun 'ya'yan suna cikin sheƙa a ƙasa. Wannan darasi ne ga duk mai son auna wuri da tsuntsaye, baƙo in ya ragu wataƙila laifin wata ƙasa ne, 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina su ne shaidun wurinka. Yaron kuma a yi masa nasiha da taushi, kusan dukkanmu mun riƙe danƙo, wanda aka nuna wa nisan tafiyar da tsuntsun ya yi da wuya ya sake harbi.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce a Gembu. Nan Mambila bishiyar turare ta cika ko'ina, kore shar, amma in na shiga cikinta da ɗalibai shiru kamar maƙabarta, in muka je ɗan kurmin bakin rafi kuma sai kuka ta ko'ina. Ba duk bishiya ba ce? Kuma tsofaffi suna cewa sanyin Mambila ya ragu, wannan yana shafar tsuntsaye?
Daga wata malama, Gembu

AMSA: Malama wallahi tambayarki ta faranta min rai, domin abin da kika lura da shi da kunnenki shi ne ainihin ilimin, kuma ɗalibanki sun yi sa'a.

Ba duk kore ne daji ba. Turare baƙuwa ce, asalinta Ostareliya, ganyenta yana da mai mai ƙamshi wanda yawancin ƙwarinmu ba sa iya ci, ba ta 'ya'ya masu tsoka, kuma in an dasa ta a cunkushe ƙarƙashinta ba ya fitar da duhuwa. Ba tsutsa, ba 'ya'yan itace, ba maɓoya, toh me tsuntsu zai zauna yi? Sai dai in ta yi fure masu shan zaƙin fure su leƙo su wuce. Ba ina cewa a sare ta ba ne, gaskiya ta yi wa Mambila rana, katako da itacen girki da take bayarwa da daga kurmi za a ciro su. Wurin da bai kamata a dasa ta ba shi ne kan idon ruwa da bakin rafi, saboda tana da shan ruwa, kuma nan ne ɗan abin da ya rage na asalin kurmi yake.

Waɗannan siraran kurmin na bakin rafi da kike gani kamar ba komai ba, su ne jijiyar wurin. Akwai wani marai mai ruwan ɗorawa da baƙar fuska da aka sa wa sunan Bannerman, a duniya kaf sai a tuddan iyakar Najeriya da Kamaru ake samunsa, kuma irin wannan gefen kurmin yake so. In kin samu hali ki kai ɗalibai Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin kurmin tudu mafi kyau da suka rage a ƙasar nan, har birai masu kama da mutum akwai, kuma akwai tashar bincike da Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa, 'yan yankin da yawa suna aiki a ciki. Abin da za su nuna muku shi ne kurmi da tsuntsu kowa na riƙe da kowa, tsuntsu ya ci ɗan itace ya je ya kasayar da ƙwallon a wani wuri, nan sabuwar bishiya za ta fito. In wutar da ake sa wa ciyawa da rani tana cin gefen kurmi taku kaɗan duk shekara, shanu suna tattake 'yan tsiron, manomi yana ƙara kunya ɗaya zuwa bakin ruwa, kowa ɗan kaɗan ya ɗiba amma ƙarshenta kurmin ya tsinke gida-gida, kuma akwai tsuntsayen cikin duhuwa da ba sa yarda su ƙetare fili ko da ɗan kaɗan ne. A nan ba na ɗora wa makiyayi ko manomi shi kaɗai, rafin in ya ƙafe duka biyun zai shafa.

Maganar sanyi kuma, a nan tudu ya bambanta da ƙasa. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana sauka da kamar digiri 6, shi ya sa Mambila da ke wajen mita 1,600 take da shayi a Kakara ga bargo da rana tsaka. Tsuntsun da ya saba da wannan sanyin yana zaune ne kamar a tsibiri, zafi ya kewaye shi ta ko'ina. In duniya ta ƙara ɗumi sai ya matsa sama, na ƙasa su biyo bayansa, toh wanda dama yake ƙololuwa fa? Ko Chappal Waddi da ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya a mita 2,419 ya tsaya. An ga wannan ƙarara a ƙasar Peru, masana sun ƙirga tsuntsayen wani tsauni a 1985, aka koma a 2017 aka sake ƙirgawa, sai aka tarar yawancinsu sun matsa sama, kuma cikin iri 16 da ke zaune can ƙoli 8 ba a same su ba. Saboda haka in tsofaffin Gembu sun ce suna ganin tsuntsayen ƙasa da a da ba sa hawowa, ki rubuta maganarsu da sunan tsuntsun da yarensu, shaida ce mai daraja.

Sannan ki sa ido kan rafin kansa. A tuddan Wales akwai wani tsuntsu mai farin ƙirji da ke nutso cikin ƙorama yana cin ƙwarin ƙarƙashin duwatsu, a shekarun 1980 aka ga ya yi ƙaranci a ƙoramun da ruwansu ya yi tsami saboda hayaƙin masana'antu, ƙwarin sun ragu, ɓawon ƙwansa ma ya yi siriri. Ruwan a ido garau yake. Mu ma muna da masu bin bakin ƙorama suna kaɗa jela a kan duwatsu, in suna nan ruwan yana da rai.

Ni duk lokacin da ake wannan maganar sai in tuna yadda Alƙur'ani ya ambaci duwatsu da tsuntsaye tare suna tasbihi da Annabi Dawuda, Alaihis Salam. Tare aka ambace su, kuma wanda ya taɓa kwana a kan tudu ya ji asubarsa ya san yadda abin yake ratsa zuciya.

TAMBAYA: Ina kiwon kanari kusan shekara goma, ina son kukansu sosai. Yanzu masu kawowa daga daji sun ce sai sun yi nisa kafin su samu, kuɗinsu ma ya tashi. Muna cikin masu laifi?
Daga wani mai shago, Zariya

AMSA: Alhaji tunda ka tambaya da zuciya ɗaya zan faɗa maka da zuciya ɗaya, eh akwai hannunku, ko da yake ɓarnar wurin zamansu ta fi tarko yawa. Matsalar ita ce namiji ne mai waƙa, shi ake nema, kuma lokacin da ya fi waƙa shi ne lokacin da yake da mata da sheƙa, in an ɗauke shi an bar gida ba mai taya ciyarwa. Ga waɗanda ke mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso kejinka. Ka tuna hadisin nan da sahabbai suka ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya ta zo tana ta shawagi, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Shawarata ka daina sayen na daji musamman da damina, ka nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gida, masu kiwo suna yi. Waɗanda suka daɗe a hannunka kuma kar ka sake su cikin gari, ba za su iya ba, ka riƙe su da kyau. Maganar masu kawowa cewa sai sun yi nisa, ita ma ƙirga ce, su ne suka fi kowa sanin inda daji ya mutu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ba ni da na'urar hangen nesa ba ni da kuɗi, ta yaya zan fara wannan ƙirgar a ƙauyenmu?
Daga wani ɗalibi, Kagoro

AMSA: Ɗana littafin rubutu na naira kaɗan da biro da wayarka sun isa. Ka zaɓi wuri uku, ɗaya bakin kurmi ko gindin dutse, ɗaya cikin gona, ɗaya kusa da gidaje. Bayan asuba kafin rana ta ɗaga ka tsaya minti 10 a kowanne, ba magana ba yawo, ka rubuta murya nawa daban-daban ka ji da waɗanda ka gani. Ba sai ka san sunansu ba, ka ba su naka, mai fito sau uku, mai kamar ƙararrawa, daga baya ka kunna wa tsofaffi da mafarauta abin da ka ɗauka a waya su faɗa maka sunan da Hausa ko da yarenku. Ka rubuta kwanan wata da yanayin gari, da abin da ya faru a wurin, an yi feshi, an sa wuta, an sare bishiya, rafi ya ƙafe a wane wata.

Kuskuren da za ka kiyaye shi ne gwada damina da rani. Yawancin tsuntsayenmu da ruwa suke aure, lokacin ne maza ke waƙa don kare fili da kiran mace, da hunturu kuwa ko daji mai lafiya yana yin shiru-shiru. Yunin bana da Yunin baɗi za ka gwada, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Shekara ɗaya ba ta cewa komai, ta uku za ka fara ganin hanya. Kar kuma ka riƙa kunna musu kukansu a waya don su fito, namijin yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar sheƙa ya zo faɗa.

In ka fara gane su da suna, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, 'yan sa kai ne suke turo abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, an yanka ƙasar gida-gida kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, kuma akwai ƙungiyoyin matasa a arewa da ke fita tare. Dutsen Kagoro da kurmin gindinsa wuri ne da masana tsuntsaye suka daɗe da sanin darajarsa, kaga kana zaune a inda wasu ke biyan kuɗin mota su zo. Ka turo min shafin farko na littafin naka bayan wata ɗaya, in Allah ya yarda zan sa shi a wannan fili.

Masu tambaya kan raguwar angulu da gauraka ku yi haƙuri, wuri ya ƙure, naku sai mako mai zuwa.